Littafin aiki: famfon haske na Halobacterium, daga kwalba zuwa mitar pH

3 ga Fabrairu, 2025

Duk shekara idan aka zo babin yadda ƙwayar halitta ke samar da ATP, sinadarin da take ajiye ƙarfinta a ciki, ɗalibanmu na aji uku sukan haddace sunan Peter Mitchell, su haddace cewa a 1961 ya ce bambancin yawan H⁺, wato haidurojin mai cajin fozitif, tsakanin ciki da wajen tantanin ƙwaya ne ke tuƙa injin ATP, su zuba a takardar jarrabawa, su ci maki. Ko ɗayansu bai taɓa ganin H⁺ ya ƙetare tantani ba. Abin da nake so kafin zangon nan ya ƙare shi ne darasin gwaji wanda ɗalibi zai kunna fitila da hannunsa, ya ga lambar mitar pH tana sauka, alamar H⁺ na ƙaruwa a ruwan, ya kashe ya ga tana komawa.

Na zaɓi bakteriyorodofsin, furotin ɗin da Dieter Oesterhelt da Walther Stoeckenius suka gano a San Faransisko a 1971, a jikin wata ƙwayar cuta mara cutarwa mai son gishiri, wadda yau ake kira Halobacterium salinarum. Ba baktiriya ba ce duk da sunanta, 'yar dangin akiya ce, wani rukuni dabam na ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya. Furotin ɗaya ne tak, amino asid 248, ba ya neman taimakon wani. A ba shi haske, ya fitar da H⁺ daga cikin ƙwaya zuwa waje. Ban san wani famfo a ilimin halittu da ya fi shi sauƙin nunawa ba, ga shi da launin shunayya da ido ke gani tun daga bakin ƙofa.

Wani abokin aiki ya aiko mana da iri a ƙaramar kwalba. Abincinta a kowace lita: gishiri giram 250, magnesiyam salfet giram 20, sodiyam sitiret giram 3, fotasiyam kuloraid giram 2, fefton giram 10, a daidaita pH wajen 7. Baba mai kula da lab ya tsaya yana kallona ina auna gishirin.

"Malam, wannan abin raya wani abu za ka yi da shi ko kashewa?"

"Rayawa, Baba. Idan na rage mata gishirin ne za ta mutu."

Ya girgiza kai ya koma wankin kwalabe.

12 ga Fabrairu

Kwalaben sun yi duhu, launin ya tashi daga ruwan hoda yana karkata zuwa shunayya. Sanyin asuba na hunturu ya rage mata hanzari, domin ta fi son zafin digiri 37 zuwa 40, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta inkubeta takan huce. Nan da wata guda ɗakin kansa zai kai wannan zafin, mu huta.

Abu biyu na gyara. Na cika kwalaben fiye da yadda aka saba, na kuma rage gudun injin girgiza bayan ƙwayoyin sun yawaita. Dalili shi ne ƙwayar ba ta damuwa da ƙera famfon haske matuƙar tana samun oksijin isasshe, numfashi ya wadace ta. Sai iska ta yi ƙaranci, abin da ke yawan faruwa a ruwan da gishiri ya yi wa katutu, sannan take shimfiɗa faci-facin shunayya na wannan furotin a tantaninta ta koma cin hasken rana. Amma ba a toshe ta gaba ɗaya, saboda retinal, sinadarin da furotin ke kama haske da shi, ana yanko shi ne daga beta-karotin, kuma yankan na bukatar oksijin. Na jera fitilu biyu a gefen kwalaben.

Na nuna wa ɗalibai biyu da ke taya ni wani abu a madubin ƙara girma. Ɗigo ɗaya na ruwan kwalbar, ga 'yan sanduna sirara suna iyo a hankali. Na ɗiga tataccen ruwa a gefen gilashin. Suna kallo sandunan suka kumbura, suka zama ƙwallaye, suka ɓace. Cikin ƙwayar cike yake da fotasiyam kuloraid, kusan mola 4, bangonta kuma gishiri ne ke riƙe da shi. Wannan raunin nata shi za mu yi amfani da shi wajen ciro tantanin.

24 ga Fabrairu

Ba aikin benci yau. Na zauna rubuta takardar bayanin da za a raba wa ɗalibai, kuma nan ne wahalar take, domin sai an faɗi abin da ke faruwa cikin furotin ɗin ba tare da an binne shi da sunaye ba.

Furotin ɗin ya ratsa tantani sau 7, murɗaɗɗun sanduna bakwai a tsaye kusa da juna. Richard Henderson da Nigel Unwin ne suka fara ganin haka a Kembirij a 1975 da madubin lantarki, kuma shi ne karo na farko da aka ga siffar wani furotin na tantani. A tsakiyar sandunan retinal yake kwance, dangin bitamin A, irin wanda ke idonmu. An ɗaure shi ga amino asid na 216, laisin, kuma a wurin ɗaurin akwai nitirojin da ke riƙe da H⁺ guda. Wannan mahaɗar, da ake kira da sunan masanin kimiyya Schiff, ita ce cibiyar komai.

Kafin haske ya taɓa shi retinal a miƙe yake, nitirojin ɗin na riƙe da H⁺ ɗinsa gam, yana fuskantar ɓangaren waje inda Asp85, wato amino asid na 85, mai cajin negetif yake, da ƙwayar ruwa a tsakaninsu. Foton, wato ƙwayar haske guda, ya faɗo. Cikin kusan rabin fikosakan, wato rabin kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa, retinal ya lanƙwashe a gaɓarsa ta 13. Lanƙwasar nan ta ɓata zaman da ake yi, riƙon ya yi sako-sako, H⁺ ya tsallaka zuwa Asp85. A daidai lokacin wani H⁺ na dabam, wanda ke ajiye can kusa da bakin waje tsakanin Glu194 da Glu204, ya fice. A wannan matakin furotin ɗin ya daina shan haske a nanomita 568, ya koma 412, wato da za a iya tsayar da shi a nan da rawaya za a gan shi. Ana kiran matakin M.

Yanzu mahaɗar ba ta da H⁺, kuma idan ta karɓo daga inda ta bayar, an yi aikin banza. Sai sanda ta shida ta ɗan karkata waje, hanya ta buɗe ta ɓangaren ciki, 'yan ƙwayoyin ruwa suka jeru, Asp96 ya miƙo nasa H⁺. Shi kuma ya cike gurbinsa daga ruwan cikin ƙwaya. Retinal ya miƙe, Asp85 ya tura wanda ya karɓa zuwa ma'ajiyar bakin waje, komai ya koma yadda yake. Zagayen duka kusan milisakan 10.

Ga yadda na rubuta musu: zaure ne mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi ɗaya ta cikin gida, da mai gadin da ba ya taɓa barin su a buɗe tare. Ya buɗe ta titi ya fitar da mutum, ya rufe, sannan ya buɗe ta ciki ya shigo da na gaba. Saboda haka ne famfo ke iya tura H⁺ zuwa inda ya riga ya yi yawa ba tare da ya kwararo baya ba.

Na ƙara musu lissafi ɗaya. Foton na nanomita 568 na ɗauke da kusan kilojul 210 a kowane mol. Tura H⁺ gaba da milibolt 200 na cin kusan kilojul 19. Kenan wajen kashi ɗaya cikin goma ne ake adanawa, sauran zafi ne. Wanda ya ce famfon na da ɓarna bai yi ƙarya ba, sai dai a tafkin gishiri rana ba abin da ake tattali ba ce.

6 ga Maris

Gwajin farko da cikakkun ƙwayoyi. Mun tace su, mun wanke, mun mayar da su cikin ruwan gishiri zalla, babu fefton, babu wani abin da zai danne canjin pH. Muka bar su cikin duhu har lambar ta tsaya cak.

Fitilar tsohuwar na'urar haska hoto muka yi amfani da ita, kuma tana da zafi. Zafi kaɗai na iya motsa lambar mita, haske kuma na iya taɓa wayar azurfa da ke cikin sandar awon. Don haka mun sa kwalbar ruwa mai faɗi tsakanin fitila da samfur, mun naɗe saman sandar da takardar alminiyam, mun kuma fara gwada ruwan gishirin da babu ƙwaya a ciki. Bai motsa ba.

Da muka haska ƙwayoyin, lambar ta ɗan haura tukuna, sannan ta juyo ta gangara ƙasa da inda ta faro, ta zauna. Muka kashe, ta hau a hankali. Canjin ƙarami ne, a lamba ta biyu bayan ɗigo ake binsa, amma yana maimaituwa duk lokacin da aka kunna.

Ɗalibar da ke riƙe da littafin rubutu ta ce, "Malam, ai ka ce fitarwa yake yi. Me ya sa ya fara hawa?"

Tambaya ce mai kyau, kuma masu binciken farko ma sun ga wannan ɗan hawan. Cikakkiyar ƙwaya ba famfo ɗaya ke gare ta ba. Injin ATP na shigo da H⁺, akwai mai musanya sodiyam da H⁺, akwai kuma wani furotin mai shan haske da za mu zo kansa. Mita jimillar duka take gani. Muka ɗiga CCCP, sinadarin da ke ɗaukar H⁺ ya ratsa tantani da shi yadda ya ga dama. Gangarowar ta ɓace. Wannan ne shaidar cewa abin da muka gani bambanci ne da aka gina a kan tantani.

Azumi ya sa mun mayar da aikin benci zuwa safiya.

17 ga Maris

Ciro tantanin shunayya. Hanyar tsohuwa ce, ta Oesterhelt da Stoeckenius ta 1974, ba ta kuma bukatar wani abin kirki: a zuba ƙwayoyi a jakar dayalisis, a nutsa ta a tataccen ruwa ta kwana. Gishiri ya fice, ƙwayoyi su fashe, yawancin tantanin ya wargaje, faci-facin shunayya su rage. Suna tsira ne saboda furotin ɗin a jere yake uku-uku cikin tsari irin na lu'ulu'u, kashi 75 cikin 100 furotin, 25 kitse.

Da safe abin da ke cikin jakar ya zama kamar majina, yana bin bakin bututu ya ƙi yankewa. DNA ce ta fito. Ɗan DNase ya tsinke ta. Injin juyinmu ba ya kai gudun da ake so, sai da muka roƙi na wani sashe. Bayan kowane juyi ruwan sama ja-ja ne, wannan bakteriyoruberin ne, launin da ke kare ƙwayar daga rana, ba ruwansa da famfo. A gindin bututu kuwa ga ɗan dunƙule mai shunayya sosai. Muka yi ta wankewa har ruwan sama ya yi fari.

Na'urar auna shan haske ta ba da tudu mai faɗi a kusa da nanomita 568. Samfurin da ya kwana a durowa ya nuna tudun ya ja baya zuwa wajen 558, ya kuma ɗan rage tsawo. Muka haska shi na ɗan lokaci ya dawo. A duhu wani kaso na retinal ɗin kan lanƙwashe da kansa, haske ne ke mayar da su duka miƙaƙƙu. Ɗalibai za su lissafa yawan furotin da lambar 63,000 da aka sani ta shan haskensa. Har yanzu akwai 'yan ƙananan tudu uku wajen 470 zuwa 540, alamar jan launin bai gama fita ba. Don darasi ya isa haka.

26 ga Maris

Yau ce ranar da ta fi min daɗi tun da aka fara.

Bututu uku, kowanne da tantanin shunayya a ruwa. Na farko muka bar shi. Na biyu muka riƙa ɗiga masa asid ɗin salfa mai rauni. Da pH ya sauka ƙasa da 3, launin ya juye ya zama shuɗi, shuɗi sosai, tudun ya koma wajen 605. Muka ƙara asid, ya zauna a shuɗinsa. Na uku muka yi masa da asid ɗin haidurokulorik. Shi ma ya yi shuɗi, amma da muka ci gaba har pH ya kusa 1 zuwa ƙasa, sai ya komo shunayya. Muka koma kan bututu na biyu mai shuɗi, muka zuba masa gishirin girki kaɗan. Ya koma shunayya a gabanmu. Tantanin kan dunƙule a asid, sai ana girgizawa, kuma awon na'ura ba ya fita da tsabta, amma ido ba ya bukatar na'ura a nan.

Fassarar ita ce: asid ya cusa wa Asp85 H⁺, cajinsa na negetif ya tafi, launi ya canza, famfo kuma ya tsaya domin babu mai karɓa. Kuloraid ƙarami ne, yana da cajin negetif, sai ya shige ya zauna a gurbin, launi ya dawo. Salfet ba ya iya wannan.

Abin da ya sa na dage a saka wannan a darasin shi ne, halitta ta riga mu yin gwajin. A tantanin wannan ƙwayar dai akwai halorodofsin. Matsuno-Yagi da Mukohata suka fara lura da shi a Japan a 1977, aka ɗauka famfon sodiyam ne, sai a 1982 Brigitte Schobert da Janos Lanyi suka nuna kuloraid yake turawa, kuma ciki yake shigar da shi. Sanduna bakwai ne shi ma, retinal ɗaya, lanƙwasa iri ɗaya. Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne a gurbin Asp85 tireyonin ne ke zaune, mara caji. Kuloraid ya zauna a wurin, mahaɗar ba ta da wanda za ta miƙa wa H⁺, sai ta riƙe abinta, idan retinal ya lanƙwashe ta ja kuloraid ɗin zuwa ɓangaren ciki. A 1995 Sasaki da abokan aikinsa suka canza Asp85 na bakteriyorodofsin zuwa tireyonin, amino asid ɗaya cikin 248, famfon H⁺ ya koma famfon kuloraid. A 2013 kuma rukunin Hideki Kandori a Nagoya suka bayyana KR2, daga wata baktiriyar teku, mai fitar da sodiyam, shi ma canjin 'yan amino asid ne a waɗannan gurabun. Injin ɗaya ne, abin da ke kewaye da mahaɗar ne ke zaɓen kayan da za a ɗauka.

8 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Zafi ya sauka, kwalabe na girma a kan benci ba inkubeta.

Halorodofsin ɗin da masu binciken ƙwaƙwalwa suka fi amfani da shi na Natronomonas pharaonis ne, wadda aka samo a tafkunan kanwa na Wadi Natrun a Masar. Wannan ya sa ɗaya daga ɗaliban, wanda kakanninsa fataken gishiri ne, ya kawo guntun kantu da ɗan beza na Bilma, da kanwa daga kasuwa. An san cewa irin waɗannan ƙwayoyin kan maƙale cikin 'yan ɗigon ruwan da ke cikin ƙwayar gishiri su daɗe da rai. Mun narka gishirin a abincin da muka saba. Kanwar kuma mun haɗa mata nata dabam, pH wajen 9, da sodiyam kabonet, magnesiyam kaɗan ƙwarai don kada ya kwanta. Wannan reshe ne, ba zai shiga darasin bana ba.

15 ga Afrilu

Gwajin darasin da rukunin ɗalibai na farko. Mita ta yi aiki, bututun shuɗi ya ja hankali fiye da komai. Wani daga baya ya ɗaga hannu.

"Malam, na karanta ana kunna ƙwaƙwalwar ɓera da haske. Da wannan ne?"

Da ɗan'uwansa ne. Chlamydomonas reinhardtii gansakuka ce mai ƙwaya ɗaya, tana da ɗigon ido da take bin haske da shi. A 2002 da 2003 Georg Nagel, Peter Hegemann da Ernst Bamberg a Jamus suka nuna furotin ɗin idon nata, canelrodofsin, kafa ce da haske ke buɗewa. A nan ƙofofin zauren biyu a buɗe suke lokaci guda. Shuɗin haske na wajen nanomita 470 ya faɗo, sodiyam, H⁺, fotasiyam da ɗan kalsiyam su bi ta ciki, kowanne ya gangara inda ya fi ƙaranci. Famfo ayon ɗaya, wato ƙwaya ɗaya mai caji irin H⁺, yake turawa a kan foton ɗaya, amma yana iya hawa tudu. Kafa tana barin da yawa su wuce, sai dai gangara kawai. Gansakukar saƙo take so, ba ajiyar ƙarfi ba, don haka kafa ta fi mata.

Ƙwayar jijiya kuwa da shigowar sodiyam take harbawa. A 2005 Edward Boyden, Karl Deisseroth da abokansu a Stanford suka sa canelrodofsin-2 a ƙwayoyin jijiya, kowane walƙiyar shuɗi ta sa su harba. A 2007 aka kawo halorodofsin na Wadi Natrun: rawayan haske ya tura kuloraid ciki, ƙwayar ta yi shiru. A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka ba da rahoton wani mutum mai shekara 58 da ciwon retina ya makantar, wanda aka sa wa wani nau'in canelrodofsin a ido, da tabarau na musamman ya iya gane wurin abubuwa a kan tebur ya ƙirga su. Na ja musu kunne cewa wannan ɗan gani ne kaɗan, ba warkewa ba. A shekarar ce aka ba Oesterhelt, Hegemann da Deisseroth lambar yabo ta Lasker ta binciken likitanci, shekara 50 cif bayan takardar farko kan bakteriyorodofsin, wadda babu ruwanta da ƙwaƙwalwa ko makanta.

Darasin ya zarce lokacinsa da yawa. Zan cire lissafin kilojul in mayar da shi aikin gida.

28 ga Afrilu

Faranta na gishirin Bilma sun fito da 'yan ɗigo-ɗigo ja da ruwan lemo. Na kanwa ba komai tukuna, irin waɗannan sukan ɗauki makonni. Mai kantun ya zo da murna yana cewa mun samu. Na ce masa ja ba shaida ba ce, bakteriyoruberin ne, kuma akiya masu son gishiri da yawa suna da shi ba tare da famfon haske ba. Akasin haka ma na faruwa: furotiyorodofsin da Oded Béjà da Edward DeLong suka gano a 2000 a ruwan Monterey Bay da ke gaɓar Kalifoniya, ta hanyar karanta DNA suka same shi, a baktiriyar da ba a ma taɓa rainonta a lab ba, daga baya aka gane ya cika saman tekunan duniya.

Don haka kowane ɗigo za a raine shi dabam a ƙaramar kwalba, a rage masa iska, a haska shi, a kai shi gaban mitar pH da CCCP a gefe. Wanda pH ɗinsa ya sauka kuma CCCP ya shafe saukar, famfon H⁺ ne. Wanda pH ɗinsa ya hau kuma CCCP bai hana ba, sai mu zargi kuloraid, mu canza gishirin ruwan mu sake aunawa.

Saura babban abu ɗaya a jerin: gwajin Efraim Racker da Stoeckenius na 1974, inda suka haɗa tantanin shunayya da injin ATP na zuciyar saniya cikin ƙwallayen kitse na roba, suka haska, ATP ya fito. Rabinsa na farko za mu iya, wato furotin cikin ƙwallayen kitsen waken soya. A can yawancin furotin ɗin kan juya baya, don haka pH na waje hawa zai yi maimakon sauka, kuma ina so ɗalibai su yi hasashen haka kafin su gani. Na rubuta takardar neman lesitin, wato kitsen waken soyan, da ƙarin jakar dayalisis, Baba zai kai ofis gobe.